“Injiniya, ɗan ƙara mini kaza”: yaushe canjin buƙatu ke zama saɓa yarjejeniyar manhaja?

Shekarata tara ina haɗa wa mutane manhaja a Kano, yawanci ta lissafin kaya da ciniki, sai ta kuɗin makaranta da ta kantin magani. A tsawon lokacin nan ban taɓa miƙa aiki daidai da yadda aka rubuta shi ranar da aka ba ni kafin alƙalami ba. Ko ɗaya. Mutum ba ya sanin abin da yake so sai ya gan shi a allon kwamfuta, ya taɓa, ya ga babban yaron shagonsa ya ruɗe wajen buga rasit. Shi ya sa idan wani ƙanina a wannan sana'a ya kira ni rai a ɓace yana cewa, “Yaya, mutumin nan fa ya canza magana, ai ya karya yarjejeniya ko?”, amsar da nake ba shi ba ta yi masa daɗi. Ina ce masa tukuna, bai karya ba.

Neman canji tayi ne kamar kowane tayi a kasuwa. Mutum biyu suka ƙulla yarjejeniya, kuma su biyun ne ke iya sauya ta. Ɗaya ba zai kwana ya tashi ya ce daga yau ga yadda take ba. In ka kai wa tela yadi aka yi jinga a kan kaftani, bayan kwana uku ka dawo ka ce babbar riga kake so mai aska takwas, ba ka yi laifi ba don ka faɗa. Tela yana da damar ya ce to, ga ƙarin kuɗi, ga sabuwar rana. Yana kuma da damar ya ce shi da kaftani aka yi da shi, kaftani zai ɗinka. Laifi yana farawa ne daga abin da ya biyo baya: kai ka hana shi kuɗin kaftanin da ya gama don ya ƙi yi maka babbar riga kyauta, ko shi ya riƙe yadinka ya ce ba zai ƙara sa allura ba sai ka ninka masa jinga. Haka abin yake a aikin manhaja, sai dai a nan ba a ganin yadi da almakashi, shi ya sa rigimar ke daɗewa.

Ni ba lauya ba ne, kuma in kuɗin da ke ƙasa mai kauri ne ka kai takardunka wurin lauya. Abin da zan faɗa na koye shi ne daga ƙunar da na sha, da zama da wani abokina lauya, da karanta hukunce-hukuncen da ya turo mini. Yawancinsu na Ingila ne, domin dokar kwangila ta Najeriya daga can ta samo tushe. Hukuncin kotun Ingila na yau ba dole ba ne a kan alƙalinmu, amma lauyoyi suna kafa hujja da shi, alƙalai kuma suna duba shi, musamman a irin wannan fanni.

Fara da raba zurfi da faɗi

A ƙarshen 2022 wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya ba ni aiki. Muka yi jinga a kan naira miliyan 2.4, a biya kashi uku, aiki wata huɗu. Takardarmu shafi biyu ce, ni na rubuta ta, kuma a cikinta akwai layin da har yau nake jin kunyarsa: “Manhajar za ta riƙa lissafin kayan da suka shigo da waɗanda suka fita.” Na gina ta yadda na saba, sunan kaya, adadi, farashi.

Ranar gwaji na gane ban san kasuwancin mutumin ba. Kaya dila-dila suke zuwa, a kwance dila a sayar turmi-turmi. Shadda kuma a bandir take, a yanka yadi-yadi, ragowar da ba ta kai ɗinki ba tana da nata farashin. Farashin 'yan sari da ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram daban, na mai sayen turmi ɗaya daban. Wani lokaci a kwance dila a tarar da ita ba ta cika ba, kuma dole a rubuta gibin a kan wanda ya turo. Sai da na rushe kusan rabin aikin, sati uku suka tafi. Na je na ce a ƙara mini kuɗi domin an canza buƙatu. Alhaji ya dube ni ya ce, “Injiniya, lissafin kaya ka ce za ka yi. To ai su ne kayan.”

Gaskiyarsa. Bai canza komai ba, ni ne ban tambaya ba. Na daɗe ina gardama da wannan a raina har sai da na karanta shari'ar De Beers, kamfanin lu'ulu'u, da kamfanin manhaja na Atos Origin, wadda wata babbar kotu a Landan ta yanke a Disamban 2010. A Nuwamban 2007 De Beers ya ba Atos kwangilar kusan fam miliyan 2.9 ta gina manhajar bibiyar lu'ulu'u, saboda za a mayar da wani ɓangare na aikin zuwa Botswana. Aiki ya fi yadda Atos ya zata wahala, sai ya ce an faɗaɗa masa. Alƙali ya raba ƙorafin gida biyu. Akwai abin da aka ƙara ta faɗi, wato sabon aiki da babu shi a takardar buƙatu. Wannan sai an biya. Akwai kuma abin da ya ƙaru ta zurfi, wato aikin yana nan a takarda tun farko, shiga cikinsa ne ya nuna yana da rassa. A yawancin irin wannan alƙali ya ɗora nauyin a kan Atos, domin ya karɓi kwangila a kan ƙayyadadden farashi alhali ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa bai gama fahimtar yadda ake tantance lu'ulu'u ba.

To kafin ka buɗe baki ka ce an canza maka magana, ɗauki takardar ka karanta layin da abin ya shafa, ka tambayi kanka: da mai sana'a mai hankali ya zauna kwana biyu a shagon nan kafin ya yanke farashi, zai ga wannan abin? In zai gani, naka ne, haɗiye. Tun daga lokacin ba na yanke farashi sai na yi zaman shago. Ina karɓar ɗan kuɗi daban na wannan zaman, in bi littafin bashi, in ga yadda ake rufe lissafi da yamma, in tambayi yaran shago abin da Alhaji ba zai tuna ya faɗa ba. Takardar buƙatuna yanzu takan kai shafi goma sha biyar, kuma shafin da ya fi yi mini amfani shi ne na ƙarshe, mai taken abubuwan da ba sa cikin wannan aiki.

Inda na yi wauta

Ana cikin aikin Alhajin nan aka shiga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, takardar naira ta ɓace, ciniki ya koma taransifa. Alhaji ya turo saƙon murya: yana so manhajar ta riƙa haɗa kowane alat na banki da rasit ɗinsa. Bayan kwana biyu wani saƙon: a sa ta riƙa tura wa masu bashi tes na tuni. Sai babban yaronsa ya ce a ƙara shago na biyu. Waɗannan duka faɗi ne, babu mai gardama. Da na tsaya na ce ga kuɗinsu ga kwanakinsu, da shi ke nan. Amma kunya ta hana ni. Kowanne sai in amsa da “ba damuwa, ranka ya daɗe”, ina lissafin a ƙarshe za mu daidaita.

Ranar miƙa aiki ta wuce da sati shida. Alhaji ya riƙe cikon naira 800,000 ya ce na yi jinkiri. Ni kuma a lissafina shi ne ke da ƙarin bashina. Wata Asabar da safe, kasuwa na ci, raina ya ɓaci na rufe manhajar daga gida. Yaran shago suka koma biro da takarda. Da na kira abokina lauya ina alfahari, bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, “Buɗe yanzu, kafin mu gama wayar nan. Jiya kai ke da gaskiya, yau ka miƙa masa ita.”

Abin da ya faru da Atos ke nan. De Beers ya riƙe masa wani kason biya, shi kuma ya ce sai an sake lale, a ƙara kuɗi mai yawa, in ba haka ba zai ajiye aiki. A Yunin 2008 ya ajiye. Kotu ta yarda cewa De Beers ya yi nasa laifin wajen riƙe kuɗi da jawo jinkiri, ta kuma yarda Atos yana bin kuɗin wasu canje-canje. Amma ta ce laifin De Beers bai kai na rushe yarjejeniya ba, kuma kwangilar ba ta ba Atos ikon dakatar da aiki ba, saboda haka shi ne ya yi watsi da ita. Bayan an cire na kowa, Atos ne ya tashi da biyan kusan fam miliyan 1.4. Irin wannan ya sake faruwa tsakanin kamfanin kwamfuta na IBM da kamfanin inshora na Co-op da ya ba shi aiki a Ingila: IBM ya soke kwangila saboda an ƙi biyan wata takardar kuɗi ta kusan fam miliyan 2.9 da ake jayayya a kanta, kotu ta ce sokewar ba ta halatta ba, kuma a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta kai diyyar da zai biya sama da fam miliyan 80.

Kada ka ajiye aiki, kada ka rufe manhaja, kada ka riƙe bayanan mutane, sai in takardarku ta ba ka wannan ikon a fili. In kana son ikon, rubuta shi tun farko: idan biya ya wuce kwana kaza, zan ba da sanarwa a rubuce, bayan kwana kaza kuma ina da damar dakatawa, kuma kwanakin dakatawar za a ƙara su a kan wa'adi.

Yaushe mai ba da aiki ke zama mai laifi

Kada a ɗauka mai kuɗi kullum shi ke da gaskiya. Akwai lokacin da yawan canji kansa ke zama saɓa yarjejeniya, kuma misalin da ya fi fitowa fili daga Japan yake. Jami'ar koyon likitanci ta Asahikawa ta ba kamfanin NTT East aikin manhajar asibitinta. Likitoci suka yi ta kawo sababbin buƙatu har aiki ya kasa tafiya. A Yulin 2009 aka zauna, kamfanin ya karɓi ƙarin buƙatu 625, aka ɗage ranar fara aiki, aka kuma amince an rufe ƙofa, babu sauran ƙari. Bayan wannan sai ga wasu buƙatu 171. Aiki bai ƙare a kan lokaci ba, jami'a ta soke kwangila. Kotun farko ta ɗora kashi 80 cikin 100 na laifi a kan kamfanin. A Agustan 2017 babbar kotun Sapporo ta juya hukuncin, ta ce jami'ar ce ta saɓa haƙƙin haɗin kai da ke kanta, ta umarce ta da biyan kusan yen biliyan 1.4. Dokar Japan ba tamu ba ce, amma lura da abin da ya ceci kamfanin: akwai rana, akwai takarda, akwai amincewar kowa cewa an rufe ƙofa. Ba don wannan ba, da buƙatu 171 ɗin sun zama hira kawai.

A tsarin dokar da muka gada ma akwai abin da ya yi kama da haka. Kotunan Ingila sun daɗe da cewa aikin kwamfuta yana ɗora wa ɓangarorin biyu haƙƙin ba juna haɗin kai: mai aiki ya ba da bayanai, ya yanke shawara a kan lokaci, ya ware mutanen da za su yi gwaji. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida daga shari'ar gini ta Dodd da Churton a 1897, cewa wanda ya ƙara aiki har ya jawo jinkiri ba zai dawo ya ci tarar jinkirin da shi ya haddasa ba. Sannan wanda ya nemi a yi masa aikin da ke wajen kwangila, aka yi, ya karɓa, yana sane ba kyauta ba ne, kotu na iya sa shi ya biya abin da ya dace ko da ba a yanke farashi ba. Wannan ne ya sa abokina ya ce jiya ni ke da gaskiya. Sai dai fa duk wannan sai ka iya nunawa, kuma “ba damuwa, ranka ya daɗe” da na yi ta turawa ta fi kama da kyauta fiye da ciniki.

A taƙaice, mai ba da aiki ya shiga laifi idan ya riƙe kuɗin aikin da aka gama don a yi masa wanda ba a yi jinga a kai ba, ko ya ƙi karɓar manhajar da ta dace da takarda don yanzu ransa na son wata, ko ya ci gaba da turo buƙatu bayan an rufe ƙofa yana kuma riƙe da tsohon wa'adi. Shi ma mai haɗa manhaja canjinsa na iya zama laifi, kuma mu ba mu cika son jin wannan ba. In an rubuta cewa manhaja za ta yi aiki ko babu intanet, kai kuma ka ga ya fi maka sauƙi ka ɗora ta kacokan a intanet ba ka faɗa ba, ka saɓa, ko da a ganinka taka dabarar ta fi kyau.

Takardar canji, da yadda za ka miƙa ta ba tare da an ji haushi ba

Duk abin da na koya ya tattaru a rabin shafi. Kowane canji, ƙarami ko babba, yana samun lamba da kwanan wata, sai bayanin abin da ake so da harshen mai shago, ba da namu ba. Sai kuɗinsa. Sai kwanakin da zai ƙara da sabuwar ranar miƙa aiki, a rubuta ranar ƙarara. Sai abin da zai taɓa a cikin aikin da aka riga aka gama. Sai sa hannun mutum biyu. Ba na fara aikin canji sai hannu ya hau, kuma a cikin babbar takarda akwai layin da ya ce har sai an sa hannu, tsohuwar magana ce ke aiki.

Kwanaki sun fi kuɗi muhimmanci, kuma su aka fi mantawa. Mutane da yawa sukan tuna su ce ƙarin naira kaza, su manta su ce ƙarin sati biyu, sai a biya su ƙarin a kuma ci su tarar jinkiri.

A rubuta sunan mutum ɗaya da ke da ikon neman canji. A shagon Alhaji mutum huɗu ke ba ni umarni: shi, babban yaronsa, ɗansa da ke jami'a, da mai lissafin kuɗi. Buƙatar ɗan takan ci karo da ta mai lissafi. Da rigima ta tashi Alhaji ya ce shi bai san da maganar shago na biyu ba, kuma ina kyautata zaton gaskiya ya faɗa.

Wahalar ita ce al'ada. A wurinmu miƙa wa dattijo takarda ya sa hannu bayan ya yi maka magana baki da baki yana kama da ka ce ba ka yarda da shi ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne in faɗa tun ranar farko, kafin a sami saɓani, cewa haka nake yi da kowa, kuma don kare kuɗinsa ne kada wani yaro ya sa a yi aikin da shi bai sani ba. In ta kama nakan tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ban taɓa ganin wanda ya yi gardama da wannan ba. Bayan kowace hira kuma nakan tura saƙo kamar haka:

“Alhaji, barka da yamma. Kamar yadda muka yi magana ɗazu a shago, kana so manhajar ta riƙa tura wa masu bashi tes duk Alhamis. Wannan ba ya cikin jerin da muka sa wa hannu. Kuɗinsa naira 150,000, ban da kuɗin tes ɗin kansa, kuma zai ƙara kwana 10 a kan ranar miƙa aiki. In ka amince, gobe in sha Allah zan kawo takarda.”

Ba komai nake caji ba. Mai awo ma yana yin gyara. Canza launin rasit, ƙara lambar waya, gyara sunan kaya, waɗannan kyauta ne. Amma su ma ina rubuta su, in sa kuɗi sifili, don ranar da aka ce ban taɓa yin alheri ba a ga jerin.

Duba kuma ko takardarku tana da sharaɗin cewa babu canji sai a rubuce da sa hannu. Manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati kusan kullum suna sa shi. A 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Rock Advertising da MWB kan hayar ofis a Landan, ta ce irin wannan sharaɗi yana aiki: an daidaita sabon tsarin biyan haya ta waya, amma tun da ba a rubuta ba, bai ɗaure kowa ba. A nan gida, sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baki don a sauya abin da ke rubuce, kodayake ya bar ƙofa ga yarjejeniyar baki da aka yi daga baya. Kada ka jingina da wannan ƙofar. In darakta ya ce maka a baranda “ku yi kawai, za mu gyara takarda daga baya”, kuma aka yi masa canjin wurin aiki kafin a gyara, wanda ya gaje shi takarda zai karanta.

Akwai canjin da ba laifin kowa ba ne. A Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100, kuma duk wanda ya kafe kashi 5 a cikin manhajarsa sai da ya koma ya buɗe ta. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta shafi duk manhajar da ke ajiye sunaye da lambobin mutane. Rubuta tun farko wa zai ɗauki nauyin irin wannan. Ni nakan ce canjin adadi, kamar na haraji, yana cikin kuɗin kula da manhaja na shekara. Dokar da ta buƙaci sabon gini kuma ta bi ta takardar canji.

Idan tun farko ka ga mai aikin bai san abin da yake so ba, kuma ba laifinsa ba ne, kada ka yanke farashi ɗaya na aikin gaba ɗaya. Ku yi shi zango-zango, sati biyu-biyu, kowane zango da kuɗinsa da jerin abin da za a yi a cikinsa. A haka yana iya canza ra'ayi duk sati biyu ba wanda ya cuci wani. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a haɗa uku: farashi a kafe, rana a kafe, buƙatu kuma a sake.

In rigima ta riga ta tashi

Kada ka fara da kiran waya cikin fushi. Zauna ka jera duk abin da ake jayayya a kai, ka kasa shi uku: wanda ke cikin takarda ƙarara, wanda zurfin abin da ke cikin takarda ne, da wanda sabo ne fil. Kashi na farko da na biyu ka gama su, ko ranka ba ya so. Na ukun ka sa wa kowanne ranar da aka nema, wanda ya nema, da kwanakin da ya ci. Ka rubuta wasiƙa mai sanyi ka aika, ka ce kana ci gaba da aiki amma ba ka yafe haƙƙinka na ƙarin kuɗi da ƙarin lokaci ba. In kai ne mai ba da aiki, ka biya abin da babu jayayya a kansa, ka rubuta dalilin riƙe sauran. Riƙe komai gaba ɗaya shi ke mayar da mai gaskiya mai laifi.

Adana saƙonni. Kotunan Najeriya suna karɓar saƙon WhatsApp da imel a matsayin shaida, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ya sa sharuɗɗa, ciki har da bayanin na'urar da aka ciro saƙon daga cikinta da tabbacin tana aiki daidai. Saboda haka kada ka sayar da wayar, kada ka goge hirar, kuma kashe tsarin nan mai sa saƙo ya ɓace da kansa bayan kwanaki. Saƙon murya kuma ka mayar da shi rubutu a ranar, ka tura wa mai shi ya gani.

Kotu ita ce ta ƙarshe. A kan naira 800,000, kuɗin lauya da zirga-zirga na iya cinye abin da ake nema. Kano tana da cibiyar sasanci a ƙarƙashin babbar kotun jiha tun 2009, Legas ta riga ta tun 2002, kuma dokar sasanci da sulhu ta 2023 ta ƙara wa yarjejeniyar da aka cimma ta wannan hanya ƙarfi. Sa layi ɗaya a takardarku cewa za a fara da sulhu kafin ƙara.

Ni da Alhaji ko can ba mu kai ba. Wani dattijo a layinsu ya zaunar da mu bayan la'asar, na karanta jerina mai kashi uku, Alhaji ya saurara. Dattijon ya ce sati ukun dila da bandir nawa ne, alat da tes na Alhaji ne, shago na biyu a raba, rufe manhaja ranar Asabar kuma sai na ba da haƙuri a gaban yaran shago. Na bayar. Aka biya ni cikona, aka ɗora mini naira 200,000 daga cikin ƙarin 450,000 da na lissafa.

Har yanzu ni ke kula masa da manhajar. Kwanan baya ya turo saƙon murya yana so ta riƙa karɓar sefa saboda baƙinsa na Nijar, ta juya lissafin zuwa naira da farashin ranar. Na tura masa takarda mai lamba 23, da kuɗi, da kwana 12. Ya kira ni yana dariya ya ce, “Injiniya, kai da takardun nan naka.” Washegari babban yaronsa ya kawo ta da sa hannu, an soke kwana 12 da biro an rubuta 10, Alhaji ya sa hannu a gefen gyaran, ya bar mini wurin nawa.